Malam Isiyaku Mai Motar Taki

Da an idar da sallar asuba Malam Isiyaku yake ta da motarsa. Yakan bi ta bayan gidajen abinci na East Greensboro, inda masu ci ba sa leƙawa, ya kwashe ɓawon albasa da ragowar shinkafa da kwanukan da aka ci aka yar, ya kai wata gona a bayan gari inda ake mai da su taki. Ya daɗe a wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli, gwiwa ta ƙi.

Ni a kasuwar Asabar na san shi, wajen rumfar Anti Mounira, 'yar Damagaram mai sayar da dambu da tuwo miyar taushe. Bara waccan masu kula da kasuwar suka kafa doka: kada a ƙara zuba abinci a farin kwanon soso, irin na robar kumfa da ake yarwa bayan an ci, sai a wanda zai ruɓe ya zama taki ko wanda za a sake sarrafawa. Wanda ya ƙi, a karɓe rumfarsa.

Anti Mounira ta bi doka. Ta sayo kwanukan takarda, ta zuba miya da zafinta, kafin mutum ya kai mota gindin kwano ya ɓule. Wata mata ta dawo da miya a gaban riga tana faɗa. Asabar ta gaba Anti ta koma wa soso a ɓoye, aka gani, aka yi mata gargaɗin ƙarshe. Da rumfar nan take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

Malam ya iske ta tana haɗa kaya, ta ce masa ta haƙura da kasuwar. Ya ce ta dakata tukuna. Duk gidan abincin da ya je kwasa a makon, sai ya roƙi kwano ɗaya daga irin nasu. Ya tattara ya kai mata gida, ta ɗora miya, suka cika kowanne suka zuba ido. Wasu suka jiƙe, wasu suka lotse. Wanda aka yi da tukar rake ya riƙe har miya ta huce.

Sannan ya raka ta gaban kwamitin kasuwar, ya yi mata tafinta. Ina wurin. Ya ce dokarsu mai kyau ce, shi da ke tsince soso daga cikin taki da hannunsa ya fi kowa son ta.

"Amma an ce mata kar ta yi," in ji shi, "ba a nuna mata yadda za ta yi ba."

Shugabar kwamitin ta ce gaskiya ne. Aka janye gargaɗin, aka kuma roƙe shi ya zaga sauran rumfuna da kwanukansa. Ya zaga, bai ce a ba shi ko sisi ba. Yanzu har alala a ganyen ayaba Anti take naɗewa, masu saye suna layi.

Malam Isiyaku, kai ne ka ga mace za ta rasa abincinta, ba 'yar'uwarka ba, ba 'yar garinku ba, ka tsaya. Kai ne ka so doka, ka kuma so wanda doka ta matsa. Mun gode. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya sa hutun da albarka.

Mu kuwa da muke jin Turanci, duk sanda aka kafa sabuwar doka, mu waiga mu ga wa ke haɗa kayansa shiru. Mu ce masa ya dakata tukuna.