Ɗigon jini da ƙahon wanzami

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Kwana huɗu ke nan da wasu jajayen ɗigo-ɗigo suka fito mini a ƙwauri, wasu ƙanana kamar kan allura, wasu masu faɗin ƙwayar wake, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Likita ta danna su da kofin gilashi, ba su dishe ba. Ta ce jini ne ke tsattsafowa a ƙarƙashin fata, kada in yarda a tsaga ni har sai sakamakon gwaji ya fito, don jinin zai iya ƙin tsayawa. Gwaggona da ta raine ni kuwa ta ce mataccen jini ne, har ta aika wa wanzami ya zo ya yi mini ƙaho.

A mafarkin ina zaune a tsakar gidanmu da rana tsaka, amma daɓen ya koma farin tayil irin na asibiti. Wanzamin yana wasa aska, ba shi da fuska. Ƙahonninsa na jere a tabarma suna numfashi.

Gwaggo ta ce, "Miƙo ƙafar, 'yar nan. Mu da aka yi wa ƙaho tun ba a haifi likitar taki ba, mutuwa muka yi?"

Sai kawai ɗigon suka fara tashi daga fatata kamar tartsatsin wuta. Wata murya tana kiran su yadda malama ke kiran suna a aji, ƙananan da nasu sunan na asibiti, masu faɗin ƙwayar wake da nasu daban. Kowanne yana amsawa.

Sai kawai ga mu a bakin kogi, Gwaggo riƙe da gefen zanena. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba, na ji bakina ya ce, "Gwaggo, jinina bai mutu ba. Ba mai taɓa shi." Wanzamin ya matso. Na kwashe ƙahonnin na watsa a ruwa. Suka ƙi nutsewa, suka juyo suna iyo zuwa ƙafata.

Nan na farka, na dunƙule hannu har farce ya shiga tafina.

Bayan la'asar wanzamin zai zo. Ba zan miƙa ƙafa ba, ko da Gwaggo za ta yi wata ba ta amsa gaisuwata. Amma masu sanin fassara, don Allah ku faɗa mini: me ya hana su nutsewa?