Malam Sallau Harouna, Bakaniken Hanyar Yashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sallau a shekarar 1968 a garin Dantchiao, cikin ƙasar Magariya. Mahaifinsa, Malam Harouna, manomin gero da gyaɗa ne. Mahaifiyarsa, Yakura, aure ne ya kawo ta daga gabas. Ya yi karatun allo a zauren unguwarsu, sannan aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1975, inda ya kai aji shida bai samu sartifika ba. Lokacin da fari ya cinye gonaki a 1984, mahaifinsa ya kai shi Magariya ya damƙa shi hannun wani bakanike mai suna Alhassan, domin ya koyi sana'ar da ba ta jiran ruwan sama.

Aure da Mafarin Al'amari

A 1993 ya samu 'yanci daga maigidansa, ya buɗe garejinsa kusa da tasha, kuma a shekarar ya auri Hinda, 'yar wani ƙauye a gabashin Dungas. Da cikinta na fari ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda aka saba. Naƙuda ta zo da gardama, Sallau ya ɗauko akori-kura ya je ɗaukar ta. A kan hanyar dawowa motar ta kafe cikin yashi. Injin lafiyarsa lau, shi da kansa ya gyara shi, amma sai an taka shi ya yi ƙara sannan yake da ƙarfi, kuma da zarar an taka, tayoyi su haƙa rami su nutse. Kafin a tono motar a isa asibiti, ɗan ya koma. Hinda ta rayu.

Aikinsa a Kan Inji

Daga wannan shekara Sallau ya duƙufa kan abu guda, wato yadda inji zai ja kaya tun yana juyi a hankali. Ya matse maƙogwaron kafireta, ya tsawaita bututun da iska ke bi ta shiga inji, ya canza salansa zuwa siririya mai tsawo. Ya goge kan inji kaɗan domin matsi ya ƙaru, sannan ya gyara lokacin buɗewar bawul ya zo da wuri. Ya lalata injuna kafin hannunsa ya faɗa. Daga bisani motar da ta fito daga hannunsa takan taka yashi da cikakken lodi kamar saniyar huɗa, ba ƙara, ba haƙa. Sai dai abin da aka samu a ja, an rasa shi a gudu.

Nan ne matsala ta taso. Al'adar direbobin tasha ita ce, in an gama gyara, a hau kwalta a taka mota a dubi allurar gudu; iyakar inda ta kai, iyakar darajar bakanike ke nan. Motocin Sallau ba su taɓa cin wannan jarrabawa ba. An ruwaito cewa wani direba ya dawo daga gwaji ya ce masa, "Haba maigida, mota na kawo maka, ka mayar mini da kunkuru? Har mai jaki ya ce in ba shi hanya!" Sallau ya ce, "Kai ta yashi ka gani." Direban ya ce shi ba ya da dangi a yashi. Daga ranar sunan Sallau Kunkuru ya bi shi, masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, har a 2002 ya rufe garejin.

Zaman Dungas

Ya koma Dungas da iyalinsa da tsohuwar akori-kura guda wadda ya gyara yadda yake so. Ranar kasuwa yakan ɗauko hatsi da awaki, sauran ranaku kuwa ta masu naƙuda ce da yara masu zazzaɓi daga ƙauyukan da babu motar da ke shiga. Kullum akwai tabarma da bargo da jarkar ruwa a bayanta, domin Hinda ta ce mace mai ciwo ba buhun gero ba ce. Iyaye mata sun san ƙarar injin nan tun daga nesa. Su kuwa abokan sana'arsa ba su ƙara neman sa ba, ko a taron suna.

Hinda ta rasu a 2014. Bai sake aure ba. 'Ya'yansa maza sun fi son babur, babu wanda ya zauna ya koyi aikin, saboda haka a shekarunsa na ƙarshe shi kaɗai yake kwance inji a ƙarƙashin bishiyar bedi, shi kaɗai yake ɗaurawa. In ƙarfe ya fi ƙarfinsa, sai ya jira mai wucewa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 2023, bayan jinyar ciwon ƙirji. An yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Dungas. Wajen rabon gado aka sayar da motar ga wani ɗan kasuwa, wanda ya sa aka mayar da injin yadda yake tun asali, kuma yanzu kan kwalta take aiki.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Rabilu da Auwal, masu haya da babur a Magariya, Surayya, tana aure a Dantchiao, sai auta, Nazifa, wadda ke aure a ƙauyen kakanninta na wajen uwa. A bana cikinta na fari ya tsufa, kuma tun watanta bai kama ba yayarta ta je ta taho da ita gari a kan amalanken shanu, domin yanzu babu motar da ke shiga ƙauyen. Allah Ya jiƙan Malam Sallau, Ya sauke ta lafiya.