Saƙar Maza a Ƙwarya

Babu maganar da ke tafasa mini zuciya kamar in ji wani ƙato ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a tabarma, ya ce wai ko ƙudan zuma ma ba sa zama da namijin da ba ya aiki. Na tsufa, haƙorana sun zube, abubuwa da yawa na yafe, wasu ma na manta. Wannan dai ban yafe ba. Ranar da na fara jin ta, daga bakin wan mijina ta fito, kuma da mijina yake.

Muna zaune a wata 'yar unguwa a ƙasar Faskari, ba nisa da Sheme, a shekarun nan da ake ta cewa Turawa za su tafi amma ba su kai ga tafiya ba. Gidan gandu ne. Wan mijina, wanda duk muke kira Yaya, shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Mijina shi ne ƙarami, ni Malam nake ce masa. Ban da noma, shi ne mai zuma a gidan. Da rani ya yanko ciyawa ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta har ta ɗauki ƙamshi, sannan ya hau ɗorawa ko kaɗanya ya ɗaure ta tsakanin rassa. Zumar kuwa ta gandu ce. Da ita Yaya ke gaishe da mai gari, da ita yake fita kunyar surukansa na Ƙanƙara, har ana yi masa kirari da mai gidan zuma. Mutumin da ko ƙuda ɗaya ya zagaya kansa sai ya yar da hula ya ranta a na kare! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abu ɗaya ne kawai na Malam a cikin wahalar nan. Al'adar gidansu ce tun kaka da kakanni, duk ranar da aka ɗebi zuma, saƙar farko, fara tas, rufaffiya, akan sa ta a ƙwarya a kai wa wanda ya ɗaura amyar, kafin kowa ya lasa. Yakan ɗan gutsira, ya miƙo mini, ya raba wa yara. Duk shekara ranar nan jinsa yake kamar an naɗa masa rawani.

Shi ya fara nuna mini mazan zuma. Ina amarya ya kamo wani da yatsu ya ɗora mini a tafin hannu. Na kwarma ihu, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe ba sa harbi. Ƙato ne, ya fi sauran kauri, idanu sun cinye masa kai, ga ƙugi kamar mai jin haushin duniya, amma ba ya da abin cutar da kowa. Ba sa ɗebo komai daga fure. Sai bayan azahar suke fitowa su yi shawagi su koma a ciyar da su. Na ce to waɗannan ai cima-zaune ne. Ya ce in bar faɗin haka. Ya ce shi bai san aikinsu ba, amma bai taɓa ganin amyar da ta hayayyafa babu su ba, kuma amyar da ta ƙoshi ce kaɗai ke iya riƙe su. In ka ga maza na kai da kawowa a bakin amya, to akwai arziki a ciki. Da yake a ramukan saƙa masu faɗi ake renonsu, saƙarsu ma daban take, marufanta a kumbure, ko makaho ya shafa ya gane.

Ana gab da faɗuwar damina reshen ɗorawa ya karye da shi yana ɗaura amya. Aka ɗauko shi a kan ƙyaure. Maɗori ya zo daga Ƙanƙara ya yi iya yinsa, ƙugu ya kama, amma ƙafar ta gajarce, kuma inda itace ya tsaga masa ƙwauri ya zama gyambo ya ƙi rufewa. Aka yi shuka yana kwance, aka yi noman farko yana kwance. Da ya fara jan jiki da sanda, ko sunkuyawa ba ya iyawa, balle ya riƙe fartanya.

Tsakiyar marka, lokacin da ruwa ke wuni yana tsiyaya, ƙudan zuma ba sa samun fita, sai su shiga cin abin da suka tara. In ya yi ƙasa, su jawo mazan nan su wurgo waje. Ka je gindin itace ka tarar da su a zube, wasu sun mutu, wasu na jan ciki. Wata rana da hantsi Yaya ya dawo daga gona da hularsa a hannu. Malam na zaune a ƙofar ɗaki na ajiye masa koko. Yaya ya zo ya zazzage hular a kan tabarmar, dab da ƙwaryar kokon. Mazan zuma ne matattu.

Ya ce, “Ka ga wanga? Kai ne malamin zuma, hwaɗa mani, mi ya sa aka hiddo su?”

Malam ya janye ƙwaryar kokon gefe.

“To ni in hwaɗa maka. Ko ƙwaro ya san wanda bai aiki bai ci. Daga yau a raba tukunya. Ga gayaunarka nan, ka ci abin da ta ba ka.”

Ɗaya daga cikinsu bai gama mutuwa ba, yana motsa ƙafa. Yaya ya sa babban yatsa ya murtsuke shi a kan tabarma, ya goge a riga. A iya zamana a gidan, ranar ce kaɗai na ga ya taɓa ƙudan zuma da hannunsa.

Ina bayan danga ina ji. Da yunwa ce ta sa shi, da na ce Allah ya kawo sauƙi. Amma rumbun bara yana nan a liƙe, ko buɗe shi ba a yi ba, kuma da zufar Malam aka cika shi. Amyoyin kuma ya ce na gandu ne, tunda itatuwan a gonar gandu suke. Ya riƙe rumbu, ya riƙe zuma, ya bar mana gurgu da gyambo da yara ƙanana.

Ni na noma gayaunar nan, 'yar gonarsa ta kansa da ba ta cikin gandu, da goyo a baya. Na yi kaɗi har yatsuna suka yi kanta, na dafa daddawa na kai Sheme ranar kasuwa. Mun ci tafasa har yara suka fara kuka in sun ga tukunyar. Yayana da muke ciki ɗaya, wanda ke Damari, can ƙasar Sabuwa, ya aiko ya ce mu taho, akwai ɗaki akwai gona. Na durƙusa na roƙi Malam. Ya ce shi ba zai bar gidan ubansa ba. Ya ce fushi ne irin na ɗan'uwa, zai huce. In bari a ɗebi zuma in gani, in Yaya ya aiko masa da saƙar farko kamar kullum, to har yanzu shi ɗan gida ne, kuma ga maganin gyambo ya samu. Haƙurin mutumin nan ya fi rashin imanin Yaya ƙona mini rai. Wani lokaci ina wanke masa ƙafa ina jin kamar in girgiza shi.

Bazara ta zo, ɗorawa ta yi fure ta zubar, lokacin ɗibar zuma ya yi. Yaya ya nemo wani mai hawa daga wata unguwa, amma ba wanda ya san amyar da ta cika da wadda ba ta cika ba. Ba kunya ba tsoron Allah ya aiko a tambayi Malam. Shi kuwa har da murna. Ya ce in na je tsinkar ɗorawa bayan azahar in riƙa ɗaga kai, in gaya masa inda maza ke shawagi. Na ce ba za ni ba. Ya ce, “Don Allah, ba don shi ba.” Na je. Na tsaya gindin itatuwan nan rana na dukana, ina kallon bakin amyoyin da mijina ya karye a kansu, ina zaɓo wa Yaya masu arziki.

Kashegarin ɗiba, tun da safe Malam ya sa na fito masa da rigarsa ta Juma'a. Ya wanke hannu, ya zauna a ƙofar ɗaki yana gyara hula. Daga sashen Yaya ƙamshin zuma ya cika gidan, ana ta tacewa, maƙwabta na shigowa ana ba su lasa. Rana ta ɗaga sosai kafin Yaya ya taho da kansa, da ƙwarya rufe da faifai, mutum biyu na maƙwabta na biye da shi. Wallahi har ni sai da zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina ashe Malam ya fi ni sanin ɗan'uwansa.

Yaya ya ajiye ya ce, “Ga naka nan, mun ware maka.”

Malam ya yi bisimilla ya ɗaga faifan. Saƙa ce baƙa-baƙa, marufanta duk a kumbure. Saƙar maza ce, 'ya'yan da ba su ƙyanƙyashe ba, wadda masu ɗiba kan yanke su yar wa kaji. Ko ɗigon zuma babu a jikinta. Na ga ya kai yatsa ya shafa ta a hankali, kamar yana fata idonsa ne ya yi masa ƙarya.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na kalli Yaya ba, a durƙushe nake gaishe shi. Ranar na miƙe tsaye a gabansa.

Na ce, “Yaya, ka daina yi ma ƙudan zuma ƙazahi. Su sai yunwa ta ci su suke hidda nasu. Kai rumbunka a liƙe ka hidda ɗan'uwanka. Kuma duk cikin amya ba ka iya taɓa kowa sai wanda bai harbi!”

Maƙwabta suka sunkuyar da kai. Yaya ya juya ya ce wa Malam, “Ka ji abin da matarka ta ce mani?” Ina jiran Malam ya tsawata mini, don halinsa ke nan. Bai ko dube mu ba. Idonsa na kan ƙwarya.

Da suka watse ya ce, “Aika ma yayanki ya kawo jaki.” Can kuma ya miƙo mini ƙwaryar. “Wagga ki kai ta gindin tsamiyar bayan gida, ki ɗora kusa da bakin amya. Suna da rai. Halan a karɓe su.”

Na tsaya ina kallonsa. An tozarta shi a gaban jama'a, sanye da rigar Juma'a, shi kuma tausayin ƙwari yake ji! Na so in rotsa ƙwaryar da ƙasa. Amma na kai, na miƙa hannu iya tsawona na ɗora saƙar a kan reshe. Kafin la'asar tururuwa sun rufe ta baƙi ƙirin.

A Damari yayana ya samo zuma wurin wani maƙwabcinsa, na yi ta shafa wa gyambon, kafin kaka ya rufe. Abin da ya ci naman mijina shekara guda, ashe abin da bai cika ludayi ba ne maganinsa, kuma yana rataye a itatuwan gidan ubansa. Malam ya yi sauran shekarunsa yana tufka igiya da saƙa zana. Mutane sun sha roƙonsa ya saƙa musu amya, sai ya ce ya manta yadda ake yi. Har ya koma ga Allah ban ji ya faɗi kalma ɗaya marar daɗi a kan Yaya ba, don haka ni nake faɗa, nawa da nasa.

Ranar da muka bar gidan, hanyar ta bi ta ƙarƙashin tsamiyar nan. Azahar ta wuce, maza na ta ƙugi a sama. Yana kan jaki, gajeriyar ƙafar na lilo, ni ina biye da kaya a ka. Daidai gindin itacen ya ja linzami ya tsaya, ya kasa kunne. Na san labarin saƙar mazan nan yake so ya tambaya, na kuma shirya in gaya masa gaskiya ko da za ta yi masa ciwo. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce, “Wagga amya ta kusa haihuwa, a hwaɗa ma Yaya ya ɗaura sabuwa kusa da ita,” ya zunguri jakin muka wuce. Saƙon nan ban isar ba, kuma ko yau aka dawo da ni gindin tsamiyar nan ba zan isar ba.