Ranar da Inna Ta Yaye Rufin Ɗan Haya

Shekarun baya, mahaifiyata ta ba wani mutum hayar ɗakin da ke jikin zauren gidanmu a Illela. Ya ce albasa yake saye a Gidan Katta yana kaiwa Ƙonni. Ladabi gare shi, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta.

Ba a jima ba gida ya ɗauki warin fetur. Ashe jarkoki ya jibge a ɗakin, yana tsallakawa da su iyaka. Bango ɗaya ne tsakaninsu da murhun Inna, ga jikokinta suna wasa a tsakar gida.

Ni babban ɗa, na gyara hula na je na ce ya tashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ba ni tashi. In kana son lahiyakka, kama bakinka." Na koma ciki da sauri ina cika baki. Mai unguwa ya kira shi, mutumin ya rantse manja ne a ciki, ya dawo ya ƙara kwaɗo a ƙofa.

Inna ta jira ranar kasuwa. Da mutumin ya fita, ta kashe murhu, ta tura yara maƙwabta, ta aika aka kira kafinta.

Kafinta ya ce, "Mi za a gyara, Hajiya?"

Ta ce, "Rufin ɗakin can. Yaye shi duka. Kuma kada ka kunna taba."

Kwano na sauka, maƙwabta suka leƙo ta katanga, sai salati. Ga jarkoki jere, rana na dukansu. Mutumin ya iso a kan babur yana kumfar baki. Inna ta ce masa, "Ɗana, ban taɓa ƙoharka ba, ga kwaɗonka nan. Rufi kau nawa ne."

Ya waiwaya, ya ga unguwa kaf ta tsaya a bayanta, har liman. Kafin la'asar, da hannunsa ya loda kayansa a amalanke.

Kwanan nan na kalli wani fim a kan mugun ɗan haya. An iya tayar da hankali, amma ban gamsu ba. Mai gidan na ta gudu tana ihu ita kaɗai, kamar ba ta da maƙwabci ko ɗaya a duniya. Irin wannan mugu da shirun mutane yake ƙiba. Na faɗa wa Inna labarin, ta yi dariya ta ce, "Su garin nasu babu kafinta?"