Turken Dogo

Shekarar da anka fara zaɓen jam'iyyu, wasu mutane sunka zo Tawa da igiyar awo da turakun ƙarfe masu jan kai. Sunka ce layin dogo za a shimfiɗa, ya taso daga tasha, ya bi bayan kasuwar bisashe, ya fita hanyar Affala. Turke ɗaya ya faɗo tsakiyar filina, daidai inda na tara tubali zan gina wa Inna ɗaki, don nata ya tsage.

Mai awon ya ce, "Kada ka aza ko tubali guda. Nan dogo zai bi."

Inna ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Ni ma haka. Da na gaya mata, sai ta ce, "Wane ne Dogon nan? Ɗan wa ne, da zai ratsa mini ɗaki?"

"Inna, jirgi ne."

"To, ka ce mishi ya kewaya. Ko raƙumi kewayawa yake yi."

Ban gina ba, na jira. Damina uku, tubalin ya narke ya koma tudu. Mulki ya sake hannu, ba wanda ya dawo ya ce gina ko bari. Inna ta rasu a tsohon ɗakinta, da kwano a gefen gado yana tarar yoyo.

Turken yana nan, akuya nake ɗaurewa. In matata ta tambayi inda take, sai in ce tana wurin Dogo.