Zobba Biyar a Gonar Inna

Shekarun baya, lokacin da aka turo ni aiki ma'aikatar noma ta Dogon Dutsi, ban san kowa a garin ba. Iyalina suna Damagaram, ni kuwa ɗaki ɗaya na kama a bayan tasha. Wani porje, wato shirin tallafa wa manoma, ya kawo jirgi marar matuƙi yana ɗauko hotunan gonaki daga sama, aikina in zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ina neman inda tsutsa ta ci gero.

Wata rana, a hoton wata gona ta wajen Dogon Kiriya, na ga zobba biyar a cikin geron, korensu ya fi na sauran duhu, kamar an kifa ƙwarya an zana bakinta. Abin da na fara yi shi ne goge gilashin ordinata da hannun riga. Da suka ƙi fita sai na tura wa abokina da ya karanta tarihi a Yamai.

Ya kira ni ya ce, "Wataƙila kaburbura ne na mutanen da suka rigayi duk tarihin da muka sani. Sukan tara duwatsu a kan mamaci, su haƙa rami kewaye. Ramin ya cike tuntuni, amma ƙasarsa ta fi riƙe ruwa, shi ya sa geron wurin ya fi kore. Sai an bincika za a tabbatar. Kada ka yaɗa, masu neman zinariya su ji."

Na kai wa shef, shugaban ofishinmu, hoton. Ya duba, ya ce, "Tsutsa aka ɗauke ka nema ko gawa?"

Ranar Asabar na shiga mota, na ƙarasa a amalanke. A ƙasa babu abin gani, gero ne kawai. Na tarar da mai gonar, wata tsohuwa, tana noma ita kaɗai. Na gaishe ta, na nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan zoben da ya fi girma.

"Nan na ba a sa hauya," ta ce. "Ubana ya ce gidan doguwa na."

Na yi mata dogon bayani, kai ka ce ni na karanta tarihin. Ta bar ni na gama.

"Ɗana, suna da mutane?"

"Inna, ko sunan ƙabilarsu ba a sani ba."

Ta ce, "Tun ina ɗiya nike tsoronsu. Ashe ba su da kowa."

Ta gaya mini 'ya'yanta sun ce camfi ne, baɗi za su kawo tarakta. Na je shagon babban ɗanta a kasuwar Dogon Dutsi. Ya ba ni kujera, ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Malam, tsohuwa ta gaji da hauya, ni kuma ba zan bar ƙasa ga iska ba. In gwamnati na son wurin, ta rubuto." Na rubuta rahoto na aika. Har yau ba amsa.

Daga nan kusan duk Asabar ina gonar. Ba wani bincike nake yi ba, tunda ban iya ba. Mukan zauna ƙarƙashin gawo, ta dama mini fura, ta tambaye ni yarana da mahaifiyarsu. A duk ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, ita kaɗai ta san sunayensu. In za mu tashi sai ta juya wajen babban zoben ta ce, "To, mu kwana lahiya."

Ta rasu da rani, ban ji ba sai bayan kwana uku. Da damina taraktar ta zo. A hotunan shekarar, rabin zobe ɗaya kawai na iya ganewa, shi ma don na san inda zan duba. Ba da jimawa ba aka mayar da ni gida.

Ban riƙe ɗanta a zuciya ba, gaskiyarsa ya faɗa. Abin da ya tsaya mini shi ne na ga mantuwa da idona. Mutane sun ɗauko duwatsu da hannunsu, sun sha rana suna haƙa, don kada a manta da wani nasu.

Makon da na koma Damagaram na tafi maƙabarta in yi wa mahaifina addu'a. Ni na sa shi a kabari da hannuna. Na yi ta zagaye tsakanin tuddan ƙasa masu kama da juna, na kasa gane nasa. Daga ƙarshe na tsaya a bakin layin da nake zato, na ɗaga hannu na yi wa duk wanda ke kwance a wurin.