Gidan da Inna Ta Tsallake

Shekara goma sha tara Inna Me-ya-sa ta yi tana wanke koren kayan ɗakin tiyata a ƙaramin asibitin garin. Sunan kuwa bakinta ne ya jawo mata. Matar nan, ko tsintsiya aka sauya wa wuri sai ta ji dalili.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne awa biyun da suka ɓace mata ranar da aka cire mata ƙari a ciki. An ce ta ƙirga, ta kai huɗu, sai ga ta a gado ana jiƙa mata leɓe da auduga. Da ta warke ta tare Baba mai allurar barci, tsohon da shi kaɗai ya iya aikin a asibitin.

"Baba, don Allah ina na tafi?"

"Oho miki! Ni dai ina tsaye a kanki ina lura da numfashinki. Sa mutum barci ai wasa ne, Inna. Dawo da shi ne aikin."

Da hannun Baba ya soma rawa, aka ce in ba a samu magaji ba za a rufe ɗakin tiyata. Asibiti ya ajiye akwatin taimako a bakin ƙofa, don a tura wata nas ta koyo aikin. Wata uku cur, abin da ya shiga ko kuɗin mota bai kai ba. Inna ta yi ta juya abin tana matse zanin gado, har ta gano bakin zaren. Likitan da ya yanka, kowa ya san shi, har kaji ake kai masa. Baba fa? Lokacin da yake nasa aikin duk barci suke!

Sai ta sungumi akwatin ta bi gidajen waɗanda aka taɓa yi wa aiki.

"Malam direba, ranar da aka gyara maka ƙafa, me ka ji?"

"Wallahi ban ji komai ba."

"To kuɗin ba-komai ɗin nan na zo karɓa."

Ana dariya ana zuba mata. Tela ya ba da, mai kayan miya ta kwance bakin zani, akwati ya yi nauyi.

Gida ɗaya ta tsallake, na mai walda. Haihuwa ta zo wa matarsa da gardama a makon da zazzaɓi ya kwantar da Baba, aka tura su babban asibiti, ta cika a hanya. Da wane ido Inna za ta je masa da akwati? Tausayinsa take ji har cikin ranta.

Wata safiya tana shanya sai ga mai waldan a bayan igiya, da ƙunshi a hannu.

"Inna, kowa kin shiga gidansa ban da ni. Laifin me na yi?"



Ya ɗora ƙunshin a kan bokitin da ta kife. Kuɗi ne, keken ɗinkin marigayiya ya sayar.

"Wannan ba na waccan nas ɗin ba ne," in ji shi. "Ki gaya musu su tura mutum biyu. Ita ma wata rana za ta yi zazzaɓi."